Masu Auna Nauyin Taurari Sun Yi Nisa, Mu Kuma Ina Muka Kwana?

Daga Abena, Njamena

Kwanakin baya muna cikin shirinmu na dare a gidan rediyon unguwa, sai muka karanta wa masu sauraro labarin cewa masana sararin samaniya sun auna nauyin wani taron taurari da ke can nesa, nesar da haskensa ya shafe sama da shekara biliyan 7 a kan hanya kafin ya iso duniya. Ba mu gama rufe baki ba sai ga waya daga wani bawan Allah, ɗan kasuwa mai safarar albasa tsakanin Kuseri da kasuwar Dembe. Tambaya biyu ya yi mana, kuma cikin raha ya yi su. Ta farko, a kan wane irin sikeli aka ɗora wannan kaya, kuma wa ya riƙe shi? Ta biyu, in ma an auna ɗin, me zai ƙara ko ya rage a kan kuɗin koron gero?

A lokacin dariya muka yi, shi ma ya yi, aka wuce wurin. Amma da muka tashi daga aiki muka nufo gida, Abena ta yi duhu saboda an ɗauke wuta, taurari kuwa sun cika sama fal, sai tambayoyin nan suka dawo mana. Mutumin da ya kwashe shekaru yana sa ido a kan awo, ya san bambancin koro na Njamena da mudu na Maiduguri da tiya ta Maraɗi, ya kuma san yadda ake bubbuga gindin kwano don a cuci mai saye, ya cancanci a ba shi amsa ta gaskiya. Saboda haka a wannan makon za mu yi ƙoƙarin amsa tambayoyin nan biyu, domin a ganinmu akwai abin da ya shafi makomar 'ya'yanmu a cikinsu.

Wane kaya ne ake aunawa?

Ranar da ke haska mu tauraruwa ce guda ɗaya, kusancinta da mu ne ya sa muke ganinta babba. Haske yana gudun kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙai kafin ya taso daga rana ya iso gare mu. Ita wannan rana tana cikin wani babban garke na taurari da yawansu ya haura biliyan 100. Biliyan ɗaya shi ne miliyan dubu, abin da masu Faransanci ke kira miliyar. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, gefen garkenmu ne muke hangowa daga ciki. Masana suna kiran irin wannan garke galaksi.

Garkenmu ba shi kaɗai ba ne. Tun a shekarar 964 wani malamin falaki ɗan ƙasar Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta cewa ya ga wani abu mai kama da ɗan gajimare a tsakanin taurari. Sai a shekarun 1920 aka tabbatar cewa wannan ɗan gajimare, wanda yanzu ake kira Andromeda, wani garke ne daban, kuma haskensa kan yi tafiyar shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso nan.

To, kamar yadda makiyaya kan haɗu da garkunansu a mashaya ɗaya, haka su ma garkunan taurari kan taru wuri ɗaya, ɗaruruwa ko dubbai, nauyinsu na riƙe da juna. Wannan taro shi muke kira gungu a cikin wannan sharhi, kuma babu wani abu da ya fi shi girma a cikin abubuwan da ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri guda. A 1958 wani Ba'amurke mai suna George Abell ya lissafa gungu 2,712. A farkon 2024 kuwa, wata na'urar Jamus mai suna eROSITA ta fitar da jerin sama da 12,000, alhali rabin sama kawai aka lissafa.

Kayan da ba su cikin takarda

Duk wanda ya taɓa tsayawa da mota a bakin iyaka ya san wannan labari. Takarda ta ce buhu ɗari ne a cikin tirela, amma da aka hau sikeli sai nauyi ya nuna na buhu ɗari biyar. Jami'in kwastan ba sai ya ɗaga tamfol ba, ya riga ya san akwai kayan da ba a rubuta ba.

Irin abin da ya faru ke nan da wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Fritz Zwicky, wanda ke aiki a Kalifoniya, a shekarar 1933. Ya sa ido a kan wani gungu mai suna Coma, mai ɗauke da garke sama da 1,000, a nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 320. Ya auna gudun garkunan, ya ga suna zirga-zirga da saurin da ya kai wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa. Duk yaron da ya taɓa wulwula majajjawa a gona ya san cewa gwargwadon saurin dutse, gwargwadon ƙarfin igiyar da ake bukata don riƙe shi. A sama babu igiya, nauyi ne ke yin aikinta. Da Zwicky ya lissafa nauyin da zai iya riƙe garkuna masu irin wannan gudu, sai ya ga ya ninka nauyin taurarin da ake gani sau da yawa. Ya ce lallai akwai wani kaya da ba ya haske a wurin. Shekaru da dama ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, kuma daga baya an gano lissafinsa ya yi yawa, amma asalin maganar ta tabbata.

Abin da aka sani a yau shi ne, idan aka kwatanta nauyin gungu da buhu 100, taurari duka ba su kai buhu 5 ba. Kimanin buhu 10 zuwa 15 wata iska ce mai tsananin zafi da ta cika tsakanin garkunan. Sauran buhu 80 da ɗoriya kuwa wani ɓoyayyen kaya ne wanda ba ya fitar da haske, ba ya tare haske, kuma har gobe ba a san ko mene ne ba. An san yana nan ne kawai saboda sikeli ya nuna shi.

Sikeli huɗu, kowanne na duba ɗan uwansa

Yanzu ga amsar tambayar farko ta Alhajin albasa. Sikelin farko shi ne na Zwicky, wato auna gudun garkuna a lissafa nauyin da ke riƙe da su.

Na biyu shi ne iskar nan mai zafi. Zafinta yakan kai digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100, har ta riƙa fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Tukunyar da ke tafasa sosai sai da murfi mai nauyi, in ba haka ba tururi ya ture shi. Haka nan, gwargwadon zafin iskar, gwargwadon nauyin da ya hana ta watsewa. Na'urorin Chandra na Amurka da XMM-Newton na Turai, waɗanda aka harba a 1999, da wannan hanya suke aiki.

Na uku ya fi ban mamaki, kuma a gabar Afirka aka fara gwada tushensa. A 1915 Albert Einstein ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa hanyar haske. A ranar 29 ga Mayun 1919 an yi husufin rana, sai wani masani ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya je tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, wasu kuma suka je Sobral a Brazil, suka ɗauki hoton taurarin da ke kusa da rana a lokacin da ta rufe. Aka ga taurarin sun ɗan gusa daga wurarensu, kamar yadda Einstein ya faɗa. Ɗauki kofin shayi na gilashi, ka kalli fitila ta gindinsa, za ka ga hasken ya miƙe ya zama baka. Haka gungu ke yi wa hasken garkunan da ke bayansa, kuma daga yawan lanƙwasar ake lissafa nauyinsa. Hoton farko da madubin hangen nesa na James Webb ya fitar a ranar 11 ga Yulin 2022 na irin wannan gungu ne, mai suna SMACS 0723, kuma duk dubban garkunan da ke cikin hoton suna cikin ɗan filin sama da ƙwayar yashi za ta rufe idan ka riƙe ta ka miƙe hannu.

Na huɗu ya dogara ne a kan wani tsohon haske mai rauni da ya cika sama ta kowane ɓangare, wanda ya taso tun farkon al'amari. Idan ya ratsa ta cikin iskar gungu mai zafi, yakan bar wata alama kamar inuwa. Masana biyu na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Sunyaev da Zeldovich, su suka yi hasashen haka a farkon shekarun 1970. Da wannan hanya aka gano gungun da muka ba da labarinsa a rediyo, wanda aka sanar a watan Janairun 2012, aka sa masa suna El Gordo, wato Mai Ƙiba da harshen Sifaniyanci. Nauyinsa ya kai na rana biliyan ɗaya har sau miliyan 2 zuwa 3.

Abin lura a nan shi ne, masanan ba sa yarda da sikeli ɗaya. Sun gano cewa awo da iska mai zafi kan rage nauyi da wajen kashi ɗaya cikin biyar, saboda iskar ba a kwance take ba kamar yadda lissafi ya ɗauka, don haka suke gyara shi da awon lanƙwasar haske. An shafe shekaru ana jayayya a kan wannan giɓi, kowa na buga sakamakonsa a fili domin wani ya bincika. Ɗan kasuwar da ke auna hatsi da kwano sannan ya sake ɗora buhun a kan sikeli kafin ya biya kuɗi, ya san hikimar wannan aiki.

Me ya sa sai na nesa?

Wasiƙar da ta yi wata uku a hanya, labarin wata uku da suka wuce take kawowa. Haka haske yake. Idan muka kalli El Gordo, muna ganinsa ne yadda yake shekara biliyan 7 da suka wuce, tun kafin a samu rana da wannan duniya tamu, waɗanda masana ke ƙiyasta shekarunsu a kan biliyan 4 da rabi. Ke nan wanda ya jera gungu na kusa da na tsakiya da na nesa, kamar ya jera hotunan mutum ne daga tsufa zuwa ƙuruciya.

Abin da hotunan suka nuna shi ne, gungu ba a rana ɗaya yake girma ba. Yana farawa ne kamar ƙaramin zango inda ayari biyu ko uku ke yada kaya, sannu a hankali wasu su zo su haɗu, har wurin ya zama babbar kasuwa. A watan Afrilun 2023 James Webb ya tabbatar da wani irin wannan zango na garkuna 7 da suka fara haɗuwa shekara miliyan 650 kacal bayan farkon al'amari, alhali ana ƙiyasta shekarun sararin samaniya duka a kan biliyan 13.8.

Wani lokaci kuma manya biyu ne ke karo. A watan Agustan 2006 aka sanar da binciken wani gungu da ake kira Harsashi, inda biyu suka ratsa juna. Kwatanta ayarin raƙuma biyu da suka gifta juna a hamada, raƙuman suka wuce, ƙurar da suka tayar ta tsaya a tsakiya. Iskar nan mai zafi ta yi karo ta tsaya a tsakiya, garkuna suka wuce gaba. Da aka auna da sikelin lanƙwasar haske, sai aka ga mafi yawan nauyin ya bi garkunan, bai tsaya tare da iskar ba, duk da cewa iskar ta fi taurarin nauyi. Wannan na daga cikin hujjoji mafi ƙarfi da ke nuna cewa ɓoyayyen kayan nan yana nan da gaske.

Dalili na ƙarshe shi ne ƙidaya. A 1998 aka gano cewa saurin faɗaɗar da sararin samaniya ke yi ƙaruwa yake yi. Nauyi na jawo kaya wuri ɗaya, faɗaɗar na raba su. Yawan manyan gungu a kowane zamani shi ke nuna wanda ya fi ƙarfi a lokacin. Saboda wannan ƙidaya ne Turai ta harba na'urar Euclid a ranar 1 ga Yulin 2023 domin ta zana taswirar kashi ɗaya cikin uku na sama, kuma cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, mai kyamarar da ta kai girman ƙaramar mota, ta fitar da hotunanta na farko a ranar 23 ga Yunin 2025, ciki har da na gungun Virgo.

Ya kamata mu faɗa a nan cewa wannan aiki ba shi da alaƙa da duba ko bokanci. Babu wanda ke cewa tauraro kaza zai kawo wa wane ciniki. Awo ne da lissafi, irin wanda ake fitar da lokutan fitowar rana da faɗuwarta da shi, irin wanda ya sa aka san rana da sa'ar husufin 29 ga Maris 2006 tun shekaru kafin ya ratsa arewacin Nijeriya da Nijar da arewacin Chadi.

Rufe iyaka har a sama

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan harka ta tsira daga siyasar duniya. Na'urar eROSITA da muka ambata ta Jamus ce, amma a kan kumbon Rasha aka ɗora ta aka harba a watan Yulin 2019. An tsara za ta zagaye sama sau 8. Ta gama 4 ke nan sai Rasha ta shiga Yukren a watan Fabrairun 2022, Jamusawa suka dakatar da na'urar. Lafiyarta lau, ba abin da ya lalace, rigimar manya ce kawai ta tsayar da aiki. Waɗanda kayansu suka ruɓe a mota lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko lokacin takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Darasin ɗaya ne a sama da ƙasa, wanda ba shi da nasa abin aiki, ranar da masu shi suka ɓata sai ya zauna.

Kuɗin da ake zubawa ma ba na wasa ba ne. James Webb kaɗai ya ci kimanin dala biliyan 10, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, adadin da ya fi kasafin kuɗin Chadi na shekara nesa ba kusa ba. Babu mai hankalin da zai ce ƙasashenmu su shiga irin wannan gasa. Amma akwai waɗanda suka samu ƙofar shiga daidai ƙarfinsu, kuma a nan nahiyar suke.

Afirka ta shiga kasuwar

A watan Yulin 2018 Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar MeerKAT a yankin hamadar Karoo, mai faranti 64 irin na tauraron ɗan Adam, kowanne faɗinsa mita 13 da rabi, masu sauraron igiyoyin rediyo da ke fitowa daga sama. A watan Nuwamban 2021 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin matashiyar masaniya Kenda Knowles ta fitar da sakamakon binciken gungu 115, bayan sauraro na kimanin sa'a 1,000, kuma masana daga ko'ina a duniya na amfani da shi. A Disambar 2022 aka fara ginin wadda ta fi ta, mai suna SKA, rabi a Afirka ta Kudu rabi a Ostareliya. Ƙasashen Afirka 8 ne abokan wannan shiri: Botswana, Ghana, Kenya, Madagaska, Moris, Mozambik, Namibiya da Zambiya. A Agustan 2024 babban taron masana falaki na duniya ya zauna a birnin Cape Town, karo na farko a Afirka tun kafa ƙungiyar a 1919. A Afrilun 2025 kuma aka buɗe hedikwatar Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira.

Misalin Ghana ya fi kusa da mu. Suna da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kutunse, kusa da Akra, wanda ya daina aiki. Maimakon a sayar da shi ga 'yan gwangwan, sai aka gyara shi ya zama na'urar sauraron sama, aka buɗe a Agustan 2017, ana horar da matasa a kai. A Burkina Faso akwai Marie Korsaga, wadda ake yi wa kallon mace ta farko a Afirka ta Yamma da ta ƙware a wannan fanni, kuma bincikenta a kan ɓoyayyen kayan nan ne. Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, da cibiyar nazarin falaki a Nsukka, kuma a Abuja aka fara wata makarantar hutu ta matasa masu sha'awar falaki a 2013.

Abin tambaya a nan shi ne, ina Chadi, ina Nijar, ina Kamaru a cikin waccan ƙasashe takwas? Babu ko ɗaya. Alhali wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manoma sun daɗe suna lura da fitowar Kaza da 'ya'yanta don sanin yanayi, fatake sun ratsa hamada da taurari, malamai na lissafin manzilolin wata 28. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi suna a Alƙahira a kan lissafi da falaki, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a can a 1741. A zamaninmu kuma an yi Farfesa Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Gado muna da shi, riƙon ne ya gagare mu.

Koron gero

Yanzu sai tambaya ta biyu. Gaskiya ɗaya ce, sanin nauyin El Gordo ba zai rage ko dala ɗaya a kan koron gero gobe da safe ba, kuma duk wanda ya ce zai rage yaudara yake yi. A ƙasar da kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke samun wutar lantarki, wanda ya ce a fara da wuta da ruwa da asibiti bai yi ƙarya ba.

Sai dai sikelin da ake auna gungu da shi, shi ne ake auna ruwanmu da shi. Daga 2002 zuwa 2017 wasu taurarin ɗan Adam guda biyu na Amurka da Jamus masu suna GRACE sun riƙa bin juna a sama da tazarar kilomita 220. Idan na gaba ya zo kan wurin da ya fi nauyi, sai a ɗan jawo shi, tazarar ta canza. Daga wannan ake lissafa yawan ruwan da ke ƙasa, har wanda ke ƙarƙashin ƙasa, wata bayan wata, kuma an harba magadansu a 2018. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ragu ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, amma irin wannan awo ya nuna cewa ruwan da ke ajiye a yankin ya ƙaru a shekarun baya-bayan nan. Mu da muka ga yadda kogunan Shari da Logon suka cinye unguwannin Walia da Tukra a 2022, muka ga ambaliyar 2024 da ta shafi kusan mutum miliyan 2 a Chadi ta kuma kashe sama da 500, muka ji yadda madatsar Alau ta ɓalle a Satumban wannan shekarar ta shafe kasuwannin Maiduguri, mun san cewa awon ruwa magana ce ta rai da dukiya. Wanda ya san ambaliya na tafe da mako biyu zai kwashe kayansa daga shago. Gonar da ruwa ya ci kuwa, a kan kuɗin koro take bayyana.

Haka nan na'urar nuna hanya da ke cikin wayar direban tirela tana aiki ne da lissafin Einstein ɗin nan, domin in ba a gyara agogon taurarinta da shi ba, kuskuren zai kai wajen kilomita 10 a kowace rana. Wi-Fi da ake amfani da shi a shagunan intanet, wani muhimmin ɓangarensa ya fito ne daga hannun masu sauraron sama na Ostareliya a farkon shekarun 1990. Babu ɗayansu da ya tashi da niyyar taimaka wa ɗan kasuwa, amma ga shi an wayi gari yana cin moriya.

Babbar ribar kuwa mutane ne. Yaron da ya koyi tace hoton gungu a kwamfuta, shi ne zai iya karanta hoton gonaki da koguna da ƙurar Bodele. Hukumar Tafkin Chadi tana nan Njamena tun 1964, cibiyar AGRHYMET mai hasashen damina tana Yamai tun 1974, duka suna bukatar irin waɗannan hannaye. In ba mu samar da su ba, za mu ci gaba da sayen labarin ruwanmu daga hannun wasu, a farashin da suka ga dama.

Abin da ya rage gare mu

Shawararmu ga hukumomi ba ta wuce ƙarfinsu ba. A ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare, a sa darasin falaki a sashen kimiyya na Jami'ar Njamena da ke Farsha da takwarorinta na Maraɗi, Maiduguri da Kano, a nemi shiga shirye-shiryen horarwa da Ghana da Kenya ke cin moriyarsu, a kuma bincika ko akwai tsofaffin farantan sadarwa da ke kwance suna tsatsa. Mafi yawan hotuna da bayanan Webb da Euclid da MeerKAT ana sakinsu kyauta a intanet. Ɗalibi mai kwamfuta da wuta da malami nagari zai iya aiki da su daga nan Abena.

Ku kuma 'yan uwa 'yan kasuwa, kuna da rawar da za ku taka. Da yawanmu mukan cire yaro daga makaranta da zarar ya iya ƙirga canji, mu zaunar da shi a shago. Yaron da ke haɗa lissafin naira da sefa a ka kafin ka gama danna waya, irinsa ake nema a wannan fanni, kuma haka yarinya. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke iya tara miliyoyi a rana ɗaya don fito da kayan da aka riƙe, ba za ta kasa ɗaukar nauyin ɗalibi biyu ko uku masu hazaƙa a shekara ba, ko sayen farantin sola da kwamfuta goma da ƙaramin madubin hangen nesa ga makarantar unguwa. Masu magana sun ce da rana ake neman baƙar akuya.

Ga Alhajin albasa kuwa, muna godiya da tambaya, kuma muna da roƙo ɗaya. Ranar da aka sake ɗauke wuta a daren da babu wata, a fito da yara tsakar gida, a nuna musu Kaza da 'ya'yanta da farin zanen nan da ya ratsa sama, a gaya musu cewa akwai mutanen da suka auna abin da ke bayansa, kuma da makarantar firamare suka fara kamar kowa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya kuma sa albarka a kasuwa.